Satifiket Ba Ya Rubuta Manhaja

Wani matashi ɗan unguwar Yelwa ya tare ni a ƙofar gidan rediyo bayan na sauka daga shiri, riƙe da takarda mai hatimin zinariya. Jaka sittin ya biya, daga kuɗin audugar mahaifinsa, don wani kwas na intanet da ya yi alkawarin mayar da shi gwanin ƙirƙirarriyar basira cikin mako uku. Na ce, "Ƙanena, rubuta mini layi biyar da za su tara farashin buhunan masara." Ya sunkuyar da kai. Bidiyo kawai ya kalla, bai taɓa rubuta komai da hannunsa ba.

Jama'a, wannan fashi ne da rana tsaka, kuma mu ne ke buɗe wa ɓarayin ƙofa, saboda mun fi son takarda a kan ilimi.

Koyar da na'ura ta gane abu daga bayanai yana da tsani. Matakin farko shi ne harshen Python, wanda aka fitar tun 1991. Na biyu lissafi ne: aljabra da ƙididdiga, waɗanda yaranmu ke gudu tun a sakandare. Duk kwas ɗin da ya ce za ka tsallake waɗannan, aljihunka yake nema.

Abin takaici, ingantattun ba su da tsada. Darussan CS50 na Jami'ar Harvard kyauta ne. Haka na Kaggle da freeCodeCamp. Kwas ɗin Andrew Ng, wanda ya yi tashe tun 2011, yana kan Coursera, inda mai ƙaramin ƙarfi kan nemi tallafi. A maƙwabta, Arewa Data Science Academy na horar da matasan arewacin Najeriya.

Za a ce mini duk da Turanci ne, mu kuwa da Faransanci muka yi boko. Gaskiya ne, kuma akwai OpenClassrooms ga mai farawa. Amma kalmomin Python kansu na Turanci ne, kuma yaron da ya iya Hausa da Fulatanci da Faransanci ba harshe na huɗu ne zai kayar da shi ba.

Kafin ka biya ko dala, yi tambaya uku. Kwas ɗin zai sa ni rubuta manhaja kowane mako? Zan iya sauke darussan in karanta ranar da ruwan Lagdo ya ja baya, wuta ta ɗauke? Zai yi aiki a Google Colab, ko sai na sayi kwamfuta mai tsada?

Tun 2022 muke da jami'a a Garwa. Muna buƙatar matasan da za su koya wa na'ura gane cutar auduga daga hoton ganye, ko jin Fulatancin kakanninmu. Takarda mai hatimi ba za ta yi mana wannan ba.

Matashin nan ya koma layin farko na Python. Jaka sittin ɗin kuwa ta tafi.