Kujera A Filin Jirgi Hakki Ce, Ba Alfarma Ba

'Yan uwa, duk wanda ya taɓa raka matafiyi daga Potiskum zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano ko na Maiduguri a lokacin cunkoso ya ga abin da ido. Jirgi ya yi latti, tsofaffi a zube a ƙasa, manya kuwa suna ɗakinsu na musamman suna shan sanyi. In ka yi magana a ce ka yi haƙuri.

Haƙurin me? A cikin kuɗin kowane tikiti akwai kason da hukumar FAAN ke karɓa da sunan hidimar fasinja. Ranar karɓa ba a ware talaka, ba a tambayar takardar shaidar asali. Dokar hukumar NCAA ta ce idan jirgin cikin gida ya yi jinkirin awa 2, kamfani ya ba fasinja abin taɓawa, in ya wuce awa 3 fasinja na iya neman kuɗinsa. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya kare mutuncin kowa.

Mun saba da yin shiru don ana ce mana baƙi. Ya isa haka. Ku adana tikiti, ku rubuta lokaci, ku kai ƙara wurin jami'an NCAA da ke filin jirgin.

Allah Ya sa mu dace.