Filin Wasa Ma Aji Ne: Darasi Daga Aikin Bob Ladouceur

Malamai da yawa sun ɗauki wasannin motsa jiki a matsayin abin cike gurbi a jadawalin makaranta. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma tarihin aikin Bob Ladouceur ya isa hujja.

A shekarar 1979, Ladouceur ya fara horar da ƙungiyar makarantar sakandaren De La Salle da ke garin Concord a jihar Kalifoniya ta Amurka. Wasansu shi ne ƙwallon ƙafa irin na Amurkawa, wanda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita. Daga 1992 zuwa 2004, ƙungiyar ta ci wasa 151 a jere, kafin makarantar Bellevue ta doke ta da ci 39 da 20. Ya ajiye shugabancin horarwa a 2013, bayan ya yi nasara a wasa 399, an doke shi sau 25, an tashi kunnen doki sau 3.

Sai dai alƙaluma ba su ne babban gadonsa ba. A lokacin, Ladouceur malamin darasin addini ne a makarantar, kuma tarbiyyar da yake bayarwa a aji ita yake ci gaba da ita a fili. Kafin wasa, kowane ɗan wasa yakan rubuta alƙawarin abin da zai cim ma a kan kati, ya miƙa wa abokinsa, a bayyana shi gaban 'yan uwa. Daga baya a duba ko ya cika. Ta haka yaro ke koyon riƙon amana da sanin cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Masu suka na cewa makarantar mai zaman kanta ce, don haka tana janyo haziƙan 'yan wasa daga nesa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma baiwa kaɗai ba ta riƙe ƙungiya shekara 12, alhali ɗalibai na sauyawa kowace shekara. Tsarin tarbiyya ne ya ɗore. Hasali ma, wanda ya gaje shi, Justin Alumbaugh, tsohon ɗan wasansa ne.

Saboda haka, ya wajaba malami mai koyon aiki ya daina raina filin wasa. A nan ake ganin ainihin halin yaro: fushinsa, haƙurinsa da son kansa. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.