Saurari Waƙar Kafin Ka Kalli Bidiyonta

Ya kai ɗalibi, idan ka ratsa kasuwar Gitata ko tashar mota a Keffi, da wuya ka wuce ba ka ji waƙar Hausa tana tashi daga rumfar masu cajin waya ba. Matasa sukan yi cincirindo a kan waya ɗaya. To, sauraro suke yi ko kallo?

A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta kulle jama'a a gida, waƙar "Jaruma" ta Hamisu Breaker, mawaƙin Kano, ta game ƙasar Hausa. Matan aure suka riƙa ɗaukar bidiyon kansu suna rawa a gaban mazajensu, suna sakawa a intanet. Wasu suka yaba, wasu suka ce an zubar da kunya, aka yi ta muhawara. A ganina, hayaniyar ta kasance a kan rawar, baitocin kuwa aka bar su a baya. Ido ya rinjayi kunne, alhali mawaƙin da kalmomi ya gina waƙarsa.

Dubi Mdou Moctar, Buzun Nijar mai kaɗa jita, wanda ƙungiyarsa ta kiɗan rok take wasa yau a Amurka da Turai. A Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, "Anar", a 2008. Waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya a yankin Sahara, ba tare da wani bidiyo mai tsada ba. Murya da jita ne suka ɗauke su.

Ba na cewa bidiyo ba shi da amfani. Yana nuna sutura, rawa da wurare. Sai dai kai da kake koyon Hausa bayan harshenka na gida, ko Gbagyi ne, ko Gwandara, ko Mada, kunnenka ne jarinka. A bakin mawaƙi za ka ji tsawon wasali, da hawa da saukar murya, abubuwan da rubutu ba ya nunawa.

Don haka, idan sabuwar waƙa ta fito, kife wayar a kan tebur. Saurare ta sau biyu, ka rubuta kalmomi biyar da ba ka sani ba, ka kawo su aji ranar Litinin mu duba su tare.