Littafin da ya manta da ɗan jagora

A hutun da ya wuce ɗiyar ƙanwata, 'yar aji biyar a firamare, ta kawo mini wani ƙaramin littafi mai hotuna da aka ba ta kyauta a makaranta. Tarihin "manyan mutane" ne: masu yawon binciken ƙasashe, masu ƙirƙira, da masanan teku, kowa da shafi huɗu. Ta buɗe shafin Mungo Park ta ɗora yatsa a kan hoton. Bature ne tsaye a gaban jirgin ruwa, a bayansa baƙaƙen mutane uku sun duƙa suna tuƙi. Ta ce, "Kawu, su waɗannan ya sunansu?" Na duba shafukan huɗun nan layi-layi. Babu sunan ko ɗaya.

Iyaye da malamai da yawa sun yarda cewa irin waɗannan littattafai su ne maganin lalaci, wai yaro zai ga gwarzo ya yi koyi da shi. Ni ban yarda ba. Littafin da ya nuna wa yaro mutum ɗaya tilo ya ce shi ya gano, shi ya ƙera, shi ya nutsa, ƙarya yake koya masa game da yadda ake samun ilimi, kuma ƙaryar tana da illa.

A fara da Park ɗin. A 1796 ya iso bakin kogin a Segu, inda ya tarar da birni cike da mutane da jiragensu suna fito. Kogin da muke kira Kwara, mutanen Mali na ce masa Joliba, Songhai na ce masa Isa Ber, kuma masunta sun daɗe da sanin inda yake da duwatsu da inda yake da zurfi. Wannan kowa ya san shi yanzu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a tafiyarsa ta biyu Park ya dogara ne a kan wani ɗan jagora mai suna Amadi Fatuma, wanda ya raka shi daga Sansandin har Yawuri yana yi masa tafinta yana sayo masa abinci. Da suka rabu, Park bai yi nisa ba ya halaka a ruwan Busa a 1806. Kuma labarin mutuwarsa da duniya ta samu, daga bakin Amadi Fatuma ya fito. Wato mutumin da ya ba da ƙarshen labarin shi ne aka share daga cikin labarin.

Haka aka yi da wani Bature mai yawon binciken ƙasashe, Kilabatan. A 1824 ya zo Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna da shi suka tattauna addini da tarihi da hanyoyi, har aka zana masa taswirar ƙasar, aka buga ta a littafin da ya fito a Landan a 1826. Wane littafin yara ne ya nuna wannan taswira?

Wanda ya fi ci mini rai shi ne Dorugu. Yaro ne Bahaushe daga ƙasar Damagaram, aka kama shi bawa yana ƙarami, ya ƙare a Kukawa, inda Bajamushe Adolf Overweg ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, Dorugu da abokinsa Abbega suka bi Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, har Tumbutu, inda Shehu Ahmad al-Bakkai ya tsaya ya kare ran baƙon. A 1855 Dorugu ya sauka a Landan bai ma gama zama saurayi ba. A Ingila ya zauna da wani mai nazarin Hausa, J. F. Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga a Magana Hausa a 1885. Ya ga hamada, ya ga teku, ya ga yadda Turawa ke cin abinci da yadda suke sa tufafi, ya bayyana su da idon ɗan Damagaram. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Ga mai yawon duniya sa'an yaranmu, mai magana da harshensu, amma ɗiyar ƙanwata ba ta taɓa jin sunansa ba.

Kada a ɗauka wannan rigimar baƙi da fari ce kawai. Shafin Thomas Edison a littafin nan ya ce shi ya ƙirƙiro ƙwan lantarki a 1879. Bai ambaci Joseph Swan ba, wanda yake kan wannan aiki a Ingila a daidai lokacin, har daga baya suka haɗa kamfani. Bai ambaci ma'aikatan ɗakin binciken Edison da ke Menlo Park ba, masu hura gilashi da maƙera da masu lissafi, waɗanda suka yi ta kwana suna gwada zare bayan zare. Shafin Jacques Cousteau kuwa ya ba shi na'urar numfashi a ƙarƙashin ruwa shi kaɗai, alhali a 1943 tare da injiniya Émile Gagnan suka haɗa ta, kuma Gagnan ne ya zo da bawul ɗin da ke daidaita iskar.

Marie Tharp, mai zana taswirar ƙasan teku, ko shafi ba ta samu ba. Shekaru ba a yarda ta hau jirgin bincike ba saboda mace ce. Maza su je teku su dawo da ma'aunin zurfi, ita kuma ta zauna a tebur da fensir tana jera lambobin har suka zama tudu da kwari. A 1952 ta lura da wani dogon kwari a tsakiyar tsaunukan da ke ƙarƙashin tekun Atlantika, abin da ya ƙarfafa hujjar cewa nahiyoyi na motsi. Abokin aikinta Bruce Heezen da farko ya yi watsi da maganar. Taswirar ƙasan tekunan duniya da suka fitar a 1977 daga wannan haƙuri nata ta fito.

Za a ce yara na son labari mai sauƙi, mai jarumi ɗaya. To wa ya ce? Yaran da suka tashi da tatsuniya sun saba riƙe Gizo da Ƙoƙi da Botorami da sarki da 'ya'yansa a dare guda ba su ruɗe ba. Sauƙin na marubuci ne da mai buga littafi. Wasu kuma na cewa mu rubuta namu gwarazan mu huta. Idan za mu cire hoton Bature ne mu liƙa na Bahaushe, mu bar masu tuƙin a duƙe babu suna, ba mu gyara komai ba.

Illar kuwa a gida muke ganinta. Yaron da aka shayar da labarin haziƙi guda yakan auna kansa ya ga bai kai ba, sai ya saki. Yaron gareji da ke riƙe wa ubangidansa sifana, da yarinyar da ta iya kwafe lissafi babu kuskure, ba sa ganin kansu a ko'ina cikin littafin, alhali irin aikinsu ne ya ɗauki Barth zuwa Tumbutu ya kuma zana ƙasan Atlantika. Wanda kuma ya yi sa'a ya zama babba, ya riga ya koyi cewa sunan oga kaɗai ake rubutawa a bangon aiki.

Ban ce a ƙona littafin ba. Barth malami ne na gaske, juzu'ai biyar ya rubuta, kuma masu tarihin Kano da Katsina da Barno na cin moriyarsu har yau. Shi da kansa ya ambaci Dorugu da Abbega da babban yaronsa Muhammad al-Gatroni. Masu taƙaita shi domin yara ne suka zubar da su.

Ranar nan na ɗauko biro na rubuta wa yarinyar "Amadi Fatuma" a gefen hoton. Ta dubi sauran biyun ta ce, "Saura waɗannan, Kawu."