Hankaka Na Nan, Ina Ungulu?

Wanda ya tashi a Zuru shekaru talatin baya ya san yadda kwata take da hantsi: mahauta na fiɗa, ungulaye sun jeru bisa katanga da sanƙonsu, suna jiran a jefo tumbi. Hankaka na gefe yana satar abin da ya samu. Yau hankaka na nan, har ya ƙara ƙiba a juji. Ita kuwa ungulu mai kirarin “ba ki jewar banza”, sai yaro ya girma bai ga giftawarta ba.

Ƙungiyar IUCN, mai tantance halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta ajiye hankaka a sahun waɗanda babu fargaba a kansu. Ungulun cikin gari kuwa tun 2015 ta sa ta a matakin da ke dab da ɓacewa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hankaka kan saka ƙwai uku zuwa shida, kuma ba ya zaɓen abinci. Ungulu ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, bisa doguwar bishiya, irin wadda masu gawayi suka fi so. Ga gubar da ake barbaɗa wa mushe, wadda kan kashe garke guda a zama ɗaya. Ga kuma masu farautar kanta da ƙwanta don sayar wa bokaye, wai maganin sa’a. Wace sa’a ce a jikin tsuntsuwar da ta kasa tsirar da kanta?

Indiya ta riga ta ɗanɗana illar rashin ungulu. Maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kusa share ungulayenta kafin a hana shi a 2006. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan sake suka yawaita, ciwon haukan kare ya biyo baya. Hankaka ba zai iya aikin ungulu na cinye mushe ba, ɗan tsince-tsince ne kawai.

Zuru ba baƙuwa ba ce a wajen kare dabba. Kadojin Girmache da ke yankin sun daɗe suna zaune lafiya domin al’ada ta hana a taɓa su. Masarautar Zuru da sarakunan pawa su yi wa ungulu irin wannan gata, a hana cinikinta a kasuwa, ita kuma Jami’ar Aikin Gona ta Tarayya da ke garin ta tura ɗalibanta su ƙirga waɗanda suka rage.