Daga Bakin Rumfa: Keken Ɗinkin da Muka Baro a Kasuwar Madani

Wannan makon ban zo muku da lissafin farashi ba, labarin wata tafiya ta yini guda na kawo, wadda har yanzu ba mu gama maganarta a gidana ba.

Bikin 'yar autarmu saura wata biyu. Uwargida ta ce kayan ɗaki ba a aike a kansu, zuwa da kai ya fi saƙo, kuma ita kasuwar Sinnar ba ta ishe ta ba, sai Madani. Na yi ta kauce-kauce saboda kuɗin mota, daga ƙarshe na sallama. Muna idar da Asuba muka fita daga Mai Wurno mu uku, ni da ita da amaryar, muka canza mota a Sinnar muka miƙi hanyar arewa.

Wanda ya daɗe bai bi wannan hanya ba zai ga gonakin Jazira suna nan dama da hagu, ta Wad Haddad da Haj Abdalla har Barakat, amma ba kowace hawasha aka shuka ba, kuma wasu magudanan ciyawa ta cinye su. Na nuna wa yarinyar babbar magudanar da ta taso daga madatsar Sinnar, wadda aka gama a 1925. Na ce mata wannan ruwa ne ya tsayar da Hausawa da yawa a ƙasar nan: sun fito da niyyar Makka, suka tsaya tsinkar auduga don haɗa guzuri, wasu suka wuce, wasu suka haifi iyayenmu. Namu garin ya riga madatsar, tun da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru da ya yi shahada a Burmi a 1903, ya sauka da jama'arsa a bakin Nil Azrak. Ita dai hankalinta na kan waya. Shingen bincike kuwa mun wuce da dama, don haka duk mai shirin wannan tafiya kada ya baro takardar shaidarsa a gida, ya kuma ƙara sa'a guda a kan lissafinsa.

Kun san abin da Madani ta gani. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum a Afrilun 2023, nan mutane suka kwararo, shaguna suka cika, haya ta yi tashin gwauron zabo. A Disambar wannan shekara dakarun RSF suka shigo, garin ya watse, sai ranar 11 ga Janairun 2025 sojoji suka karɓe shi. Yau kasuwa ta dawo tana ci, amma za ka ga shago mai sabon fenti, na kusa da shi ƙofar a ɓalle, na gaba babu ko rufi.

Muka fara da Malaja, wato kasuwar kayan gwari, domin da safe ake samun na kirki. Tumatir da albasa da gauta da ajjur tuli-tuli, ayaba daga wajen Sinnar da Sinja, karo-karo na jakuna suna ta sauke kaya. A layin busassun kaya kuwa kamar kana Kurmi, sunaye ne kawai suka sauya: weka ita ce busasshiyar kuɓewa, karkade zoɓo, aradeb tsamiya, gongoles 'ya'yan kuka, lalob aduwa, nabag kurna, dom goruba. Baƙo daga Kano ko Maraɗi ya riƙe waɗannan, ya kuma san cewa a nan da malwa da kela ake awon hatsi, ba da mudu ko tiya ba, kuma kafin a auna maka ka ɗaga ma'aunin ka duba gindinsa. Ciniki kusan duka ta Bankak ake yi yanzu, tun ƙarancin takardar kuɗi da ya biyo bayan canjin kuɗin ƙarshen 2024. Duk da haka ka riƙe 'yan canji a aljihu saboda mai raksha da mai shayi da lokacin da sabis zai ɗauke.

Wajen hantsi muka shiga ɓangaren dalala, inda ake sayar da kayan hannu. A nan ne idon uwargida ya buɗe. Gadajen ƙarfe, angareb, kabad, firiji, fanka, tukunyar gas, kwanukan tasa, duk a baje a rana. Can ta hango keken ɗinki na ƙafa, irin mai baƙin kai da zanen ruwan zinariya, teburinsa ko ƙwarzane babu. Yarinyar ta koyi ɗinki shekara biyu, kuma tun farko mun yi mata alkawarin keke, don kada ta shiga gidan miji hannu rabbana. Ta zauna ta taka, ya tafi sumul kamar an zuba masa mai da safe.

Na tambayi kuɗi. Saurayin da ke kan kayan ya faɗi abin da bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin irinsa ba. Ban taya ba, shi da kansa ya sake ragewa. Shekarata talatin a kasuwa, ban taɓa ganin mai kaya yana gudun kuɗinsa ba sai da dalili.

Na ce, “Samari, na wane ne?”

Ya ce, “Ya Haj, na wani ne ya ba ni in sayar.”

“Yana ina? Kira mini shi mu gaisa.”

“Ya yi tafiya.”

Na jawo 'yar aljihun teburin. A ciki akwai zare kala uku, da alli, da ɗan littafin awo mai rubutun mace, sunayen masu ɗinki da ranar da kowacce za ta karɓa. Ranar ƙarshe da aka rubuta ta faɗa a Disambar 2023. Macen da ta sayar da kekenta da hannunta ba ta barin littafin awonta a ciki. Na mayar da aljihun, na ce mu tafi.

Ba mu yi magana ba sai da muka zauna wajen mai agashe, wani Bahaushe da ya ji muna Hausa ya ƙara mana albasa. Uwargida ta ture farantin ta ce, “Malam, kai ka ga an sato shi? Idan mun bari, kafin La'asar wani ya ɗauka, mai shi ba za ta taɓa ganinsa ba. Yayata da ke nan garin an kwashe mata gida har tsintsiya, wa ya mayar mata da ko cokali? Kowa ya ci, sai 'yata ce za ta yi asara?”

Ba zan ɓoye muku ba, maganarta tana da nauyi. Gaskiya ne barinmu bai mayar wa kowa da kayansa ba. Gaskiya ne kuma kuɗin sabo ba ya hannuna. Na ce mata, “Hajiya, ban gani da idona ba, amma zuciyata ta gani, kuma ke ma kin ga littafin. Malamai ba su yi saɓani ba cewa abin da ka san na sata ne, ko zatonka ya rinjaya a kai, bai halatta ka saya ba, kuma saye ba ya mayar da shi naka. Da me za ta riƙa ciyar da jikokinmu? Da keken da wata ke kuka a kansa?”

Yarinyar da ba ta ce uffan ba tun safe ta ce, “Baba, ni ko an saya ba zan iya hawa ba. Kullum na buɗe aljihun nan sai na tuna.” Uwar ta harare ta, amma ba ta ƙara magana ba.

Akwai abin da ban faɗa a gabansu ba, zan faɗa muku ku 'yan kasuwa. A lokacin yaƙin nan an yi kasuwannin kayan ganima a fili, har mutane suka raɗa musu suna kasuwar Dagalo. Waɗannan kaya ba su ɓace ba, suna nan suna yawo daga hannu zuwa hannu, kuma masu su sun dawo suna zagaya dalala suna duba nasu. Ranar da aka gane firiji ko injin ban-ruwa a shagonka, rasit ɗin baki ba zai cece ka ba. Sannan mu ba kamar kowa ba ne. Mun ga abin da ya faru a Rusairis da Wad Mahi a 2022, mun kuma ji yadda zargi ya hau kan mazauna kanabi bayan an karɓe Jazira. Idan aka kama Bahaushe ɗaya da kayan wani, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi Hausawa. Araha ba ta ado, wannan arahar kuwa har wuyan 'yan'uwanka tana iya ci.

Kada kuma a ɗauka duk mai arha ɓarawo ne, wannan ma zalunci ne. Mutane da yawa suna sayar da kayansu na halal saboda yunwa, ko magani, ko kuɗin motar komawa Khartum. Bayan Azahar muka ci karo da wata dattijuwa zaune kusa da gadon ƙarfe da tukwane huɗu. Kafin in tambaya ta gaya mini shekarar da aka yi mata jere da shi, da ƙafar da ke ɗan rawa, da maƙerin da ya taɓa gyara ta. Maƙwabcinta na rumfa ya shaide ta. Muka saya, kuma na hana uwargida matsa mata a ciniki, domin wanda larura ta fito da shi ba a yi masa tayin wulaƙanci.

Ga abin da nake dubawa, ko zai amfani wani. Mai kaya na gaskiya ya san aibin kayansa, yana kuma riƙe farashi. A tambaye shi unguwarsu da wanda ya san shi a kasuwar. Firiji, inji, babur, faranti mai amfani da hasken rana, a duba lambar jikinsu, idan an kankare a bar su. Abu mai tsada kada a karɓa sai da takardar ciniki da sunan mai sayarwa da lambar shaidarsa da shaidu biyu. Biya ta waya ya fi, domin yana barin suna. Ku kuma da ke Jidda ko Libiya kuna turo kuɗi a sake gyara gida, ku daina yaba wa ɗan aike don ya samo abu rabin kuɗi. Ku tambaye shi inda ya samo.

Mun baro Madani kafin La'asar sakaliya don kada dare ya same mu a hanya, gado a saman mota, weka da karkade a ƙafafunmu. Har muka wuce Haj Abdalla uwargida tana kallon taga. Da muka kusa Sinnar ta ce, ba tare da ta juyo ba, “To sai ka san inda za ka samo na halal kafin ranar.” Na ce in sha Allahu. Yanzu haka na sa buhu biyu na gyaɗar da na ajiye don tsada a kasuwa, kuma ko an saya ba za su cika kuɗin ba. Mai yiwuwa amarya ta tare babu keke, sai bayan kaka.

Littafin awon nan kuwa ya tsaya mini a rai. Na yi nadamar rashin duba ko akwai lambar waya a bangonsa. Mako mai zuwa ƙanena zai shiga Madani, na kwatanta masa rumfar.

Wanda ya taɓa shiga irin wannan, ko ya tarar da kayansa a hannun wani, ya rubuto mana yadda suka ƙare. Allah Ya mayar wa kowa da alheri, Ya zaunar da ƙasar nan lafiya. Sai mako na gaba, idan Mai duka Ya kai mu.