Daga Bakolori zuwa ɗakin bincike: wa za a tambaya kafin a sauya halittar wake?

A watan Oktoban 2024 aka bai wa masanan Amurka biyu, Victor Ambros da Gary Ruvkun, kyautar Nobel saboda gano wasu ƙananan sinadarai da ake kira maikro-RNA. Labarin bai yi amo a Zamfara ba, alhali ya shafi waken da ake nomawa a Talata Mafara da Bakura da Maradun.

Kowace ƙwayar halittar tsiro tana ɗauke da dubban umarnin gado, amma ba duka ke aiki a lokaci guda ba. Ƙananan RNA su ne ke toshe wani umarnin, su bar wani ya wuce. A dangin wake, suna cikin masu ƙayyade yawan ƙululun saiwa, inda ƙwayoyin bakteriya ke mayar da naitirojin na iska ya zama taki. A 2018 an nuna cewa ɗaya daga cikinsu, miR2111, yana saukowa daga ganye zuwa saiwa da saƙon a ƙara ƙululu. Wani kuma, miR399, shi ke sanar da saiwa cewa fosforas ya yi ƙaranci. Ga manomin da tsadar takin zamani ta fi ƙarfinsa, wannan ilimi ya shafi aljihunsa.

Fasahar ta riga ta isa gona. A 2011 Brazil ta amince da waken da cibiyar Embrapa ta samar, wanda ke amfani da ƙananan RNA wajen daƙile wata cuta mai ɗora wa ganye rawaya. Najeriya, wadda ta fi kowace ƙasa noman wake, ta bi wata hanyar daban. A Disambar 2019 aka saki SAMPEA 20-T na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wanda aka dasa wa umarnin gado daga wata bakteriya don ya kashe tsutsar maruka, ya rage feshi daga sau shida zuwa takwas zuwa sau biyu. Cibiyar tana da tashar bincike a Talata Mafara. A shekarar ce kuma aka yi wa dokar hukumar NBMA gyara domin ta haɗa da sababbin dabarun gyaran ƙwayoyin gado.

Sai dai muhawararmu ta tsaya ga "a karɓa ko a hana". A Mayun 2024 Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da shigo da irin da aka sauya wa halitta har a yi bincike, ba tare da jama'a sun ji bambancin dasa sabon umarni da toshe wanda tsiro ke da shi ba.

Mutanen wannan yanki sun san farashin ci gaban da aka yanke a bayan idonsu. A Afrilun 1980, 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyyar gonakin da madatsar Bakolori ta cinye. Ba ruwan noman rani suka ƙi ba. An ɗauke ƙasarsu ne ba a saurare su ba.

Don haka tambayoyin da ya kamata matasa su yi wa 'yan majalisarsu a bayyane suke. Wa ke da mallakar irin? Manomi zai iya ajiye shi ya sake shukawa? Zai ba da harawar da dabbobi ke buƙata? Za a fassara sakamakon gwaji zuwa Hausa? Kuma wane malamin gona ne zai kai bayanin ƙauyukan Maradun, inda 'yan bindiga ke sanya wa manoma haraji kafin girbi?

Matuƙar gwamnatin Zamfara ba ta zuba kuɗi a tashar Talata Mafara da malaman gona ba, sabon iri zai zo, amma shawarar abin da za a gyara a cikinsa wasu ne za su yanke ta.